Goriba a Bayan Taguwa

Juma'a, 17 ga Rajab, 1986
Shekara huɗu ke nan da anka amshe mini kiran sallar asuba, har yau ba wanda ya zauna da ni ya hwaɗa mini dalili. Shekara ashirin da biyu ni Halidu ina tada garin ga. Kwana ya ɗauke ni sau ukku, sau ukku kawai, sai Liman ya miƙa ma Lurwanu, ɗan ƙanen matarshi. Anka ce Halidu ya yi tumbi, ya zama rago. A kunnena anka hwaɗe shi, bakin rijiya. Azumi ya kusa. Bana sai an maido mini.

Kayen ga na rubutu Isuhu majo, babban ma'aikacin gidan likita, ya ba ni, wai a dinga rubuta awon jinina ciki. Nawa nike rubutawa, da ajamina.

Lahadi, 19 ga Rajab
Na tashi kai kamar an aza mini turmi, baki busasshe. Haƙarƙarin dama kuma da tsami, wurin nan dai na kullum. Na san aikin wa ne. Tun da Lurwanu ya sa ido ga kiran nike jin ana sukata cikin kwana.

Litinin, 20 ga Rajab
Likita. Da sahe majo ya ɗaura mini abin awo ga dantse, ya ce tansiyo, wato hawan jini, sha tara. Na tsaya kasuwa, na koma bayan azahar amsar ƙwaya, ya sake awo, sha huɗu. Na ce, Isuhu, jini guda, mutum guda, wanne ne ƙarya? Ya yi dariya. Wancan wata ma haka, ya hau ya sauka. Wanzami ya yi mini ƙaho sau biyu, shi aƙalla ina ganin abin da ya hitar.

Alhamis, 23 ga Rajab
Na yi gyangyaɗi ana tsakar gaisuwar mutuwa. An gani.

Talata, 28 ga Rajab
Abin kunya. Ina jiran layi bisa bencin likita kwana ya sace ni. Na buɗe ido, ga majo tsugune gabana da agogo a hannu, mata na rufe baki. Ya ce, "Baba, minsharinka ya yanke, numfashi ya tsaya, na ƙirga arba'in kahin ya dawo. Sau biyar ke nan." Na ce ni ba ni minshari. Wata tsohuwa ta ce, "To jakin wa munka ji?"

Ya kai ni ciki. Wai wani dokta da ya yi aiki ƙarƙashinshi a Yamai ya koya mishi: maƙogwaro na ruhewa cikin kwana, jiki ya firgita, zuciya ta yi ta bugu, jini ya hau. Shi ya sa na sahe ya hi na marece, shi ya sa kwana bai isata. Ya ce in zo da mai ɗakina. Mi ya haɗa A'i da jinina?

Lahadi, 3 ga Sha'aban
Na kai ta, don kar a ce na ji tsoro. Ta zauna tana kallon ƙasa. Majo ya tambaye ta, sai ga magana kamar an kwance buhu. Wai shekara bakwai tana aje karan dawa kusa da tabarmarta. In ta ji na yi shiru sai ta ƙirga, in ya wuce ashirin ta zungure ni ga haƙarƙari. Na ce, ke ce? Ta ce, "Malam, in bar ka ka tahi?" Na ce mi ya hana ki hwaɗi? Ta ce ta hwaɗi tun shekarar da anka yi rijiyar siminti, na ce mata tana yi mini fatan mutuwa.

Kwana ukkun da na makara, tana Bangi wurin haihuwar Dela, ɗiyarmu. Na lissafa bisa hanya. Haka ne.

Ashe sukar ba ta Lurwanu ba ce. Kaji biyu na ba wani malami a Keita don ya maida ma Lurwanu sukar.

Talata, 5 ga Sha'aban
Majo ya ce in bar gishiri da kanwa, in rage tuwon dare, in bar kwanciya rigingine. Wai a ɗinka goriba bayan taguwar kwana, in na juya ta tokare ni. Ni, da jikoki. Ba ni yi.

Juma'a, 8 ga Sha'aban
Ta ɗinka ba ta tambaye ni ba. Guda biyu.

Talata, 19 ga Sha'aban
Awon sahe sha shidda. Majo ya ce da saura, goriba ba ta warkarwa, ragewa take, kar in bar ƙwaya. Kai ya yi sauƙi, wannan ba ni musu. Miya ba gishiri kamar ruwan wanki. A'i ta ce jiya sau ukku kawai ta ɗauki kara. Na ga ta yi kwanan rana ƙarƙashin iccen bedi, baki buɗe. Na hana awaki kusantarta.

Juma'a, 22 ga Sha'aban
Na tari Liman bayan sallar Juma'a. Na hwaɗa mishi duka, har goribar. Ya ce, "Allah shi ƙara sauƙi, Malam Halidu, a bari sai bayan sallar azumi." Haka ya ce bara. Haka ya ce bara waccan.

Alhamis, 28 ga Sha'aban
Yau na riga kira tashi. Na zauna da alwalata na ji Lurwanu tun daga farko har ƙarshe. Shina jan ƙarshen da yawa, amma muryar na kai har unguwar maƙera, inda tawa ta bar kaiwa tuni. Da munka hito na ba shi hannu. Ya tsaya shina dubana. Hannu ne kawai.

Gobe ko jibi a ga wata. Kiran su riƙe, ban ce na yahe ba, na ce su riƙe. Amma shekara huɗu ana ce mini rago, jikokina sun ji. Gobe bayan Juma'a zan zauna bakin ƙofar masallaci, ba ni tashi. Dole Liman ya hwaɗi gaban jama'a, da bakinshi: Halidu ragonci ya yi, ko ciwo ne? Ɗaya zai ɗauka. Sai ya amsa mini.