Shaidar Inna Lidiya

Litinin, 8 Maris 2021
An sa shari'ar Dikko jibi, ni ne tafinta. Shi ne ardon rugar nan da ake cewa ya sa wa rumbunan Alhaji Ƙadri wuta ana gobe zaɓen konseye, wato kansiloli. Kowa ya san tun da Dikko ya kai ƙarar Alhaji kan nome burtali ba su ga maciji. Yanzu Alhaji ya ci zaɓe, Dikko wata uku a kaso.

Talata, 9 Maris
Na duba dosiye, kundin takardun shari'ar, wurin girefiye, magatakardan kotu. Bayanin tsohuwar nan ta wajen Baudeta ba ya ciki. Lidiya. Ni aka ara a Janairu na juya maganarta zuwa faransanci, don jandarman da ya ɗauki bayanin ba ya jin Hausa sosai. Shafi biyu, da dangwalen yatsanta. Na ƙirga takardun sau uku. Babu.
Na gaya wa matata Hamida. Ta ce, "Baban Ilham, kai baki aka ɗauke ka, ba ido ba." Ban musa mata ba.

Laraba, 10 Maris
Shaidun Alhaji biyu. Duk sun ga Dikko bayan azahar da galan na esans, wato fetur. Kalma ɗaya, har wurin da suke tsayawa su ja numfashi ɗaya ne. Na juya na farko, na biyu kuwa maimaici kawai na yi.

Alhamis, 11 Maris
Yau na ga abin da ban taɓa gani ba, shekara sha huɗu a ɗakin shari'ar nan.
Ta zo da kanta, a amalanke, ba wanda ya aika mata sammaci. Ƴar tsohuwa, ko kafaɗata ba ta kai ba. Avokan Dikko, wato lauyanshi, ya roƙa aka saurare ta.
Ta ce ranar da aka sa wutar, san nomanta ya ci ɗanyen wake, ciki ya kumbura, yana shirin mutuwa. Dikko na wucewa ta kira shi. Shi ya huda cikin, ya zauna tare da ita daga rana tsaka har la'asar sakaliya. A gonarta ya yi sallolinshi biyu, ita ta ba shi ruwan alwala.
Avokan Alhaji ya taso. Wai idonta da yana. Ta ce, "Da yana. Amma mutumin da gwiwarshi ke jikin tawa, muna danne da sa guda, ba sai da ido ba."
Wai nawa ƴan ruga suka ba ta. Ta yi dariya. "Bara ni na kai shi gun mai gari, shanunshi sun cinye mani wake. Har gobe ban manta ba. Ba sonshi nike ba, ɗana. Wuta ce dai bai sa ba."
Na juya wa alƙali.
Sai avokan ya ɗaga dosiye: in gaskiya ne, me ya hana ta faɗa tun farko? Ina bayaninta?
Ni na juya mata tambayar. Da bakina.
Ta karkato kai wajena. "Wannan muryar na san ta. Kai ne ka karanta mani takardar kafin in dangwala. Ranka ya daɗe, ga shi nan, a tambaye shi."
Dole in juya wannan ma. Na ce da faransanci a tambayi tafinta. Alhaji na zaune a layin gaba yana kallona. Alƙali ya ce, gaskiya ne? Na ji kaina na ce e. Na faɗi rana, na faɗi shafi biyu.
An ɗage zama.

Juma'a, 12 Maris
Ba ta ji tsoron kowa ba. Ko ɗaga murya ba ta yi ba. Daga ina mutum ke samun wannan?

Talata, 23 Maris
Takardar ta fito. Wai a wata durowa ta maƙale. An karanta, ba inda ta saɓa da abin da Inna ta faɗa, har launin san. An ba Dikko sakin talala kafin hukunci. A bakin ƙofa ya durƙusa mata, ta ce ya tashi, ya dai riƙa kula da shanunshi in damina ta sauka.

Litinin, 29 Maris
An ce kwantiragina za a "sake dubawa". Mutanen Alhaji sun daina amsa mani gaisuwa a kasuwar Tasawa. Hamida ta tambaye ni sau biyu yadda tsohuwar take da kama.

Laraba, 7 Afrilu
An sake arona wurin jandarma, bayanin wani manomi kan rikicin gona. Da ya dangwala na tambayi lambar takardar, na rubuta a littafina, na kuma rubuta mashi a ƴar takarda ya sa aljihu. Jandarman ya ce tun yaushe tafinta ya fara haka. Na ce mantuwa ke damuna kwanan nan. Ya daɗe yana kallona. Na jira har ya buga hatimi, sannan na tashi.