Wake-wake Tana Kwanci, Ruwa Yana Tahowa

Zuwa ga ɗana Abdulmannan, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka, ya tsare ku daga abin ƙi. Mu nan da sauƙi. Gwiwar nan tana nan yadda ka san ta. Yayarka Larai lafiya lau take a Malam Madori, kullum sai ta aiko wai in taho. Liman Khalid ne yake rubuta min, kayansa a ɗaure yana jiran kwalekwale, na kuma ce kada ya gyara min magana ko ɗaya.

Abin da ka ji gaskiya ne. Kogi ya ɓalle ta bayan gonakin shinkafa, hanyar Auyo ta yanke, gari ya watse. Buba mai kwalekwale ya ce ka kira shi ka ce ko da ƙarfi ne ya ɗauko ni. Ni za a ɗauka kamar buhu? To, ka ji dalilina, tunda ba ka tambaya ba. Kajin da mahaifiyarku ta bari, Allah ya jiƙan ta, tsatson waɗanda ta shigo gidan nan da su ne tana amarya. Kai ka aiko min da jibgegen zakaran gidan gona, wai a gyara iri. Na ce ba na so, aka sauke shi a ƙofa. Bai daɗe ba ya fara gyangyaɗi, sauran suka bi shi, ina kwasa ina binnewa. Guda ta tsira, wake-waken kazar nan mai ɗingishi. Har yau ba ka ce min sannu ba.

Yanzu ita ce take kwanci a cikin fasasshiyar randa a ɗakin marigayiya. Da ta gama ƙwai, Kawu maƙwabcina ya kawo min na zabo, ya ce in kwashe nata in ajiye, ta fara hawa na zabon tunda sun fi daɗewa, daga baya in mayar mata da nata su fashe tare. Haka kowa yake yi da damina, ban musa ba. Amma da an bar ta da ƙwanta, da tuni ’yan tsaki sun fito na zuba su a kwando mun tafi. Shi mai shawarar tun shekaranjiya yake Haɗeja, ko sallama bai yi min ba.

Za ka ce a ɗauke ta da randar. Na gwada. Kan gado kawai na ɗora ta, ta tashi tana kyarkyara, ta ƙi komawa har ƙwan ya fara hucewa. Na yi maza na mayar da randar inda take. Ko zuwa yau ban san nawa na kashe ba.

Abdulmannan, ban saba gaya maka haka ba, amma ina jin tsoro. Katangar yamma ta jiƙe har ƙugu, in ka danna yatsa sai ya shige. Zauren Kawu ya zube jiya da la’asar ina kallo, ko ƙara bai yi ba, zama kawai ya yi. Ruwa ya koro macizai, na ga gamsheƙa ta ratsa tsakar gida ta shige ƙarƙashin rumbu, ban kuwa ga fitarta ba. Shi ya sa nake wuni a bakin ƙofar ɗakin da sanda. Ita ko wake-wake kallona kawai take yi, ko ƙiftawa babu.

Sai dai yau da hantsi, da ta sauko shan ruwa, na kara ƙwai ɗaya a kunne, na ji ƙwas-ƙwas daga ciki. Na sa Liman ya saurara, ya ce shi bai ji komai ba. Shi dama kunnensa sai a hankali, ya rubuta hakan ma.

Buba ya ce wannan ne sawunsa na ƙarshe, ruwa ya fi ƙarfin sandarsa. Na ce ya tafi. Ya yi ta magiya, da ya gaji ya sauke min gorar su, babbar nan da masunta ke kifa ciki a kai su bi ruwa, ya ɗaure ta a jikin darbejiya. Da ƙuruciya na sha hawa irinta, jiki bai manta ba. Na auna bakinta da tafin hannu, kaza za ta shiga, ’yan tsaki ma haka. Na riga na shimfiɗa zanen marigayiya a ciki.

Ka gaida mutanen gidanka, Ummussalma da Mardiyya. Amaryata, jikata Zulfa kuwa, ka ce mata ɗan tsakon da ya fara fitowa nata ne, ta zo da kanta ta karɓa. In Larai ta ga gora ta iso ba ni, ta fara duba cikinta kafin ta yi kuka. Ku sa mu a addu’a. Zakara kuma kada ka sake aiko min.

Wassalam, ni ne mahaifinka,
Haladu.