Fasfon Inna

Konni, 12 ga Satumba

Ƙanwata Saude,

Assalamu alaikum. Ina fata ke da Kaka kuna lafiya. Tunda an rufe layukan waya a Zamfara, na ba direba wannan takarda.

Na samu gurbin karatun likita a Masar, amma sai mai fasfon Najeriya. Na je ofishin jakadanci a Yamai. Sun ce ko da a Nijar aka haife ni kuma Baba ɗan nan ne, ina da haƙƙi ta wajen Inna, Allah ya jiƙanta, ba sai na ajiye na Nijar ba. Shaida kawai suke so cewa ita 'yar Najeriya ce. Tsohon fasfonta na aikin hajji yana cikin akwatinta wurin Kaka. Ki aiko kafin ƙarshen wata.

Yayanki,
Halliru

Bukkuyum, 16 ga Satumba

Yaya Halliru,

Wa'alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa kamar ruwan bana. Kaka ta yi guɗa, ta ce yanzu ta samu mai duba mata gwiwa kyauta. Gero ya yi kyau. Akuyarmu ta haifi biyu.

Maganar fasfo, na duba akwatin ban gan shi ba. Wataƙila gara ta ci. Ba su karɓar wata takarda?

Ƙanwarka,
Saude

Konni, 20 ga Satumba

Saude,

Bayan gaisuwa. Gara ba ta cin akwatin ƙarfe. Da sallar bara na gan shi da idona, ƙarƙashin zanen aurenta. In Kaka ce ta hana, ki faɗa mini. Saura kwana goma.

Halliru

Bukkuyum, 23 ga Satumba

Yayana,

Sallama irin ta mai jin kunya. Wannan ce takarda ta huɗu, uku na yaga.

Kada ka zargi Kaka. Ƙarya na yi maka. Fasfon yana nan, ni na ɓata shi.

Ka san yadda nake da littattafan soyayya. Bayan tafiyarka bara na karanta wani, yarinyar ciki tana da hoton mahaifiyarta, tana yi masa hira duk abin da ya dame ta. Na yi kuka har Kaka ta ce, "Ke wai mi aka yi miki cikin takardar nan? Mijin ne ya mutu?" Yaya, shekarata huɗu Inna ta rasu aka kawo ni nan. Kai ka san fuskarta, ni ko muryarta ban riƙe ba. Duk gidan nan babu hotonta sai na cikin fasfon. Na ce a raina wa zai sake tafiya da fasfon mamaci? Na sa reza na yanke hoton. Rezar ta zarce ta tafi da rabin sunanta da lambar.

Tun ranar hoton yana cikin littafina. Ita na fara gaya wa da na ci jarrabawa. Jiya na gaya mata abin da na yi maka, sai na ga kamar ba ta son kallona.

Ga fasfon, ga hoton, na naɗe su cikin ɗankwalina. Ban liƙa ba don kada in ƙara ɓarna. A littafi akan yafe a shafin ƙarshe, amma na san wannan ba littafi ba ne. In ba ka amsa ba, na gane.

Mai laifi,
Saude

Konni, 9 ga Oktoba

Saude,

Bayan gaisuwa. Na kai musu. Sun ce yankakken fasfo ba ya zama shaida. Gurbin bana ya wuce. Kwana biyar ban iya ɗaukar biro ba, ba zan ɓoye miki ba.

Akwai wata hanya, sai dai tana da tsawo: takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, da rantsuwar Kawu Surajo cewa Inna ƙanwarsa ce. Ke za ki je ki same shi, ki yi masa bayani da bakinki, ba a takarda ba. A yi biyu, ɗaya tawa ɗaya taki, don ke ma a Konni aka haife ki.

Ga hoton na maido. Kin ce na san fuskarta. Ashe tana da ɗan tabo a girar hagu, na manta.

Ki gaida Kaka.

Yayanki,
Halliru