Ƙwarya ɗaya muka ba su duka

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
Ɗiyata Radiyya ta dawo daga Sakkwato da tsohuwar kwamfutarta. Na roƙe ta ta koya mani in tsara danginmu ciki, don tun da aka tashi ƙauyenmu na wajen Burkusuma kowa ya watse, Inna kuma kullum sai ta tambaye ni wane na ina. Ta ce abin ƙwarya cikin ƙwarya ne: Malam babanmu, cikinsa ɗiyansa, cikin kowane ɗa nasa ɗiyan, can ƙarshe ƙaramar ƙwarya mai sunan garin da mutum yake. Alhamdu lillahi da ɗiya mai haƙuri.

Laraba, 7 ga Mayu
Ido ya gaji. Na yi ta share abin da na rubuta, sai Radiyya ta ce, "Umma, allo kike wankewa? Ba a share duka don gyaran harafi ɗaya."

Alhamis, 8 ga Mayu
Waɗanda ba mu da labarinsu na sa masu "ba a sani ba". Da na zo kan Nasiruddeen ɗana, hannuna ya so ya rubuta "ya rasu". Shekara ta wuce ba labarinsa. Zuciyata ta daɗe da rubutawa.

Asabar, 10 ga Mayu
Wani mai babur ya ga ƙanena Kalilu a Maraɗi, lafiya lau, yana tallar albasa! Inna ta yi sujada. Na bi hanya cikin kwamfutar da kaina, Malam, ɗiyansa, Kalilu, gari, na sa Maraɗi. Da na buɗe na sauran sai ga dukkan ɓatattunmu a Maraɗi. Har Nasiruddeen.
Radiyya ta dafe kai. Ashe ƙwarya ɗaya muka ba su duka suna leƙawa, in an canja wa ɗaya an canja wa kowa. Ta ce bari ta raba. Na ce ki bari in yi la'asar tukuna. Na san abin da ke rubuce ba gaskiya ba ne, Allah shi gafarta mani. Na daɗe ina kallon sunan ɗana da Maraɗi.

Talata, 13 ga Mayu
Na raba da hannuna, kowa da tasa ƙwarya. Kalilu kaɗai ke Maraɗi. Na gode Allah da ba a karanta wa Inna wancan ba.
Ta Nasiruddeen na bar ta ba komai ciki. Radiyya ta ce, "Umma, kin manta nan." Na ce ban manta ba.
Gobe za ni kasuwa. In na ga mai babur ɗin nan, ƙila in kwatanta mashi tabon goshin Nasiruddeen.