Itacen da Ka Kawo daga Fatakwal Ya Tayar da Baba

Barkin Sale, Minna

Zuwa ga Yaya Ndagi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Anti Aziza da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a aikinka. Mu nan lafiya lau. Nna na fama da gwiwarta kamar kullum, amma ba ta fasa zuwa kasuwa ba.

Na zaɓi in rubuto maka ne domin in a waya ne kuka zai hana ni gama zancen. Ka tuna ɗan itacen ado da ka kawo daga Fatakwal bara, mai ganye kamar mafici, wanda Baba ya ce ƙanin giginya ne da ya tashi a gidan masu kuɗi? Da bazara ta kama, rana ta nemi kashe shi. Bakin ganyen ya ƙone, biyu suka bushe ƙarau. Na je wajen Meshach, mai sayar da furanni a Shango, ya ce irin wannan ɗan kurmi ne, inuwa da laima yake so, da wuya ya kai damina a zafin Minna. Na dawo na ce a jefar da shi kawai.

Ka san tun da ɓarin jikin Baba ya shanye ya daina yi mana magana sosai. Likita ya ce ya riƙa takawa, ya ƙi. Sandar da ka aiko ma ya sa an jingine ta a bayan ƙofa. Amma ranar da ya ji zancen jefarwar sai ya kira ni da muryar da na daɗe ban ji ba, ya ce ba a jefar da abu don ya yi rauni. Ya sa muka ja tukunyar itacen zuwa gindin mangwaro, muka rataya jiƙaƙƙen buhu a gefenta, muka rufe ƙasar da busasshen ganye.

To, famfo ya ɗauke a lokacin, ruwan masu kura muke saye, Nna kuma ta ce ba za ta shayar da itacen da ba a cin 'ya'yansa ba. Da azahar ina wanke-wanke sai na ji ƙwas, ƙwas a siminti. Na ɗaga kai, ga Baba da sandarsa yana jan ƙafa, buta rataye a wuyan hannu. Na zabura zan riƙe shi, ya harare ni. Ya daɗe kafin ya kai, gumi ya jiƙa masa riga, amma ya kai. Ya zauna a kan turmi ya yi alwala a bakin tukunyar, ruwan na zuba a gindin itacen. Nna ta shige ɗaki da sauri, na san kuka ta je yi.

Tun daga ranar, a gindin itacen yake alwalar kowace salla. Makon jiya aka yi ruwan farko, ga shi sabon ganye ya tsiro daga tsakiya, a naɗe kamar laima, ya fara buɗewa. Baba ya ce in gaya maka lallai ka zo Babbar Salla, shi da kansa zai buɗe maka ƙofar gida. Roƙona ɗaya, Yaya: in ka gan shi tafe a hankali, kada ka ruga ka tare shi. Ka tsaya inda kake, ka bar shi ya iso.

Nna da ƙaninmu Zikrullahi suna gaishe ku. A shafa mini kan Safara'u.

Ƙanwarka,
Raliya