Na Yi wa Keke Ado, An Ce Sata Na Ɓoye

Assalamu alaikum Gwaggo Zulai. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle, kuma ba ni da wanda zan buɗe wa cikina a ƙasar nan. Ki sakaya sunana, ko da yake na san duk wanda ya san gidanmu zai gane ni.

Ni ɗan Gangara ne. Bara na samu gurbin karatun aikin gona a wata jami'a a Faransa, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya wuce lakol, wato makarantar gari. Ranar da zan taho, Baba ya raka ni har bakin hanya yana tura tsohon kekensa, jakata ɗaure a kan kariya. Bai yi mini doguwar nasiha ba. Cewa kawai ya yi kada in jawo masa abin da zai hana shi zama cikin mutane ranar kasuwa.

Wanda ya tarbe ni a nan shi ne Balarabe, mutumin Gidan Rumji, ɗan wani aminin Baba da suka yi fataucin hatsi tare. Ya daɗe a ƙasar, takardunsa na zama sun ƙare, yana ɗan gyaran kekuna a wani lungu don ya samu abin aika wa matarsa da 'ya'yansa da tsohuwarsa. A ɗakinsa na sauka kafin in samu nawa. Shi ya cire rigar sanyinsa ya ba ni, shi ya nuna mini inda ake sayar da naman da za mu iya ci. Yaya nake ce masa, kuma har zuciyata haka na ɗauke shi.

Ɗakin da na samu yana da nisa da jami'a, gonar da muke gwaji kuma tana can bayan gari inda bas ba ta zuwa sai jefi-jefi. Na sha makara har malami ya fara yi mini wani irin kallo. Ga shi a garin nan kowa keke yake hawa, har manyan malamai masu furfura waɗanda a gida da sai an buɗe musu ƙofar mota. Sai na roƙi Yaya Balarabe ya nemo mini. Ya kawo wani shuɗi mai kyau, mai giya, birkinsa na kamawa tsaf. Muka yi ciniki irin na gida: ya faɗi nasa, na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya sallama, muka yi musabaha. Wani Idi ɗan Cadawa yana tsaye, shi ne shaida. Ban nemi takarda ba, Gwaggo. Wa yake neman takarda a hannun yayansa? A kasuwarmu ana sayar da bijimi da musabaha kaɗai.

Ban taɓa mallakar abu mai kyau kamarsa ba. Kin san yadda muke yi a gida idan mutum ya yi sabon keke, ana naɗe ƙarfensa da leda mai launi don kada fentin ya koɗe, kuma don ado. Tun ina yaro ni nake naɗe wa Baba nasa duk bayan girbi. Sai na sayo leda kore da rawaya na zauna na naɗe nawa tun daga wuya har gindin sirdi, na sa masa tuntu a hannuwa. Na ga wata 'yar lamba manne a jikin ƙarfen, na ɗauka ta kamfani ce, na bi ta kanta da ledar na wuce. 'Yan ajinmu suna ta ɗaukar hotonsa suna dariya, ni kuwa ina jin daɗi. Na aika hoton gida, Inna ta bi maƙwabta tana nuna musu.

Ashe keken na wata mata ce mai aikin jinya, an sace mata shi tun kafin in zo ƙasar. Ta gan shi a ƙofar ɗakin karatu, ta gane shi da wata lotsewa a kwandon gaba, ta kira 'yan sanda. Ina fitowa na tarar da su. A gaban ɗalibai suka sa wuƙa suka yanke ledar da na ɓata yini ina naɗewa, sai ga lambar nan. Ashe a ƙasar nan lambar shaidar mai keke ce, suna dubawa sunan matar ya fito. Har yau idan na rufe ido ina ganin kallon da ta yi mini.

A komisariya, wato ofishin 'yan sanda, tambayar da suka fi nanatawa ita ce me ya sa na rufe lambar. Na yi ta bayanin cewa ado ne, haka muke yi a garinmu, ɗayansu ya yi murmushi ya ci gaba da rubutu. Sun ce riƙe kayan sata laifi ne, kuma rufe lambar yana nuna na sani. Da suka tambayi wanda ya sayar mini, na ce wani ne da na sani, a ba ni lokaci. Suka sake ni, suka sa mini rana wata mai zuwa in koma. Takardata ta zama kuma ƙarshen shekarar nan za a sabunta ta, wani da ya riga ni zuwa ya ce irin wannan tabon yana iya ɓata komai.

Na je wurin Yaya Balarabe. Ya rantse bai sata ba, a hannun wani mutum ya saya a kasuwar gwanjo, bai san sunansa ba. Sannan ya kama hannuna yana hawaye, wai ni ɗalibi ne mai takardu, iyakaci su yi mini faɗa, shi kuwa ina ambatar sunansa jirgi za su sa shi, yaransa su rasa mai ci da su. Ya tuna mini da rigar sanyi. Idi kuma tun ranar ya daina ɗaukar wayata.

Yanzu da ƙafa nake zuwa gona cikin ruwa da sanyi, karatu ba ya shiga. Akwai abin da ke cina wanda nake jin kunyar faɗa: mutumin da ya yi shekara da shekaru yana gyaran keke a ƙasar nan, anya bai san mece ce wannan lambar ba? Da na yi wannan tunanin sai in ji kamar na ci amanarsa tun kafin in buɗe baki. Baba bai san komai ba. Duk Juma'a idan mun yi waya sai ya tambaye ni keken, ya ce in riƙa sa wa sarƙa mai, ni kuwa in ce lafiya lau.

Gwaggo, in faɗi sunan wanda ya saukar da ni in raba shi da abincin iyalinsa, ko in yi shiru in ɗauki sunan ɓarawo in koma Gangara hannu rabbana? Wallahi na gaji.

Ɗanki da ke nesa da gida.

Wa'alaikumus salam, ɗana.

Na karanta wasiƙarka raina ya ɓaci, don na ga yaro mai kirki da ya ɗauki ɗabi'ar gidansu ya kai ta inda ba a san ta ba. Ka fara cire abu ɗaya daga ranka: kai ba ɓarawo ba ne. Kuskurenka biyu ne, ka saya ba takarda, ka rufe lambar da ba ka san amfaninta ba. Kuskuren baƙo ne, kuma ana iya bayaninsa.

Ba zan raina abin da Balarabe ya yi maka ba. Wanda ya cire rigarsa ya ba ka cikin sanyi ya cancanci ka ji nauyinsa, kuma tsoronsa na gaskiya ne, akwai bakuna a Gidan Rumji da ke jiran hannunsa. Mai yiwuwa ma da gaske bai sata ba. Amma tambayar da kake jin kunyarta ni ma ita na yi. Mai gyaran keke ya san lambar nan, ko kuwa ya kamata ya sani, kuma ya sayar maka da keken bai gargaɗe ka a kanta ba. Amana tsakanin mai masauki da baƙo kowa da nasa ɓangaren. Baƙo ba ya tona asirin mai gida, haka ne, shi ma mai gida ba ya ɗora wa baƙonsa laifi ya ce ya ɗauka don yana da takardu. Cewar da ya yi iyakaci a yi maka faɗa, tsoro ne ya sa shi faɗa, ba shi da tabbas.

Ga abin da za ka yi. Kada ka koma komisariya kai kaɗai, kuma kada ka ƙirƙiri wani mai sayarwa na ƙarya, ƙarya ce za ta mai da kuskurenka laifi. Gobe ka je buro, wato ofishin da ke kula da ɗalibai baƙi a jami'arku, ka ce kana neman lauyan da ke ba ɗalibai shawara kyauta. Ni ban san dokar ƙasar ba, Balarabe ma bai san ta yadda yake zato ba. Lauya ne zai gaya maka abin da faɗin sunansa zai jawo, da abin da shirunka zai jawo. Ka tafi da duk saƙon waya da kuka yi kan keken, idan akwai, da hotunan da 'yan ajinku suka ɗauka. Wanda ya san kayan sata yake hawa ba ya yi musu tuntu ya kafe su a ƙofar ɗakin karatu.

Bayan nan ka koma wurin Balarabe, ido da ido, cikin ladabi. Ka gaya masa ba za ka kai shi ƙara ba, amma idan an tambaye ka ba za ka yi ƙarya ba, kuma kana sanar da shi tun yanzu don ya shirya. Ka roƙe shi ya bi ka wurin lauyan, ko ya nemi ƙungiyoyin da ke taimakon waɗanda takardunsu suka ƙare. Wannan shi ne haƙƙinsa a kanka. Ba zan yi maka alkawarin zai fita lafiya ba, kuma wataƙila zumuncinku ba zai koma yadda yake ba. Wannan ciwon zai daɗe, ba ni da maganinsa. Idi kuwa ka bar shi, shi ma tsoro ne. Matar nan ma a ba ta haƙuri ta hannun lauya, ita aka fara cuta.

Saura abin da ka fi gudu. Babbar shaidarka tana Gangara, jingine a zauren gidanku, naɗe da ledar da ka naɗa da hannunka. Hoton keken nan na mahaifinka, da na sauran kekunan da ke kafe a bakin kasuwa, su ne za su nuna wa wancan mai murmushin cewa ado ka yi. Amma ba za ka sami hoton ba sai ka gaya wa mahaifinka dalili. Labari kuma yana tafe ko ka so ko ka ƙi, don Cadawa da Gidan Rumji ba su da nisa da kunnensa, gara ya ji daga bakinka. Shi ne kuma kaɗai zai iya zuwa ya zauna da amininsa su yi maganar 'ya'yansu kamar manya.

Ya ce kada ka jawo masa abin kunya. Ɗan da aka cuta ya faɗi gaskiya ba ya hana uba zama cikin mutane. Juma'ar nan, idan ya tambaye ka ko ka sa wa sarƙa mai, kada ka ce lafiya lau. Ka ce Baba, babu keken, ka zauna in gaya maka.

Allah ya wanke ka, ya sassauta wa Balarabe da iyalinsa, ya dawo mana da kai da takardar karatunka a hannu.

Gwaggonka Zulai.