Kadarkon Kwarin Baushe Ba A Wurinsa Yake Ba

Zuwa ga Mai Girma Babban Injiniya mai kula da aikin sabuwar hanyar da ta ratsa ƙasar Gazawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, da fatan kuna lafiya tare da iyali da ma'aikatanku, ina yi muku barka da wannan kujera da Allah Ya ba ɗan ƙasa bayan tafiyar Nasara.

Sunana Isa Ɗan Tani, manomi, tsohon soja, daga Kwarin Baushe kusa da Gangara. Malamin lakol ne, na makarantar boko, ke rubuta mini, amma maganar tawa ce, kuma na roƙe shi kada ya gyara ko guda. Na sa a buga ta a jarida kowa ya gani don ƙofar buronku, wato ofishinku, ta gagare ni, ga damina ta matso.

Na ɗaya. Kadarkon da ake ginawa a garinmu ba a hanyar ruwa yake ba. Ruwanmu daga arewa yake gangarowa, ya bi kwari ta gindin baushe, ya wuce fadama a kudu. Yanzu an tara marmara an yi tudun hanya da ya kai ƙirjin mutum, ya toshe kwarin gaba ɗaya. Kadarkon kuwa an kai shi taki sittin gabas, kan jigawa, inda ko a shekarar da ruwa ya fi yawa ƙafa ba ta jiƙewa. Garinmu yana arewa da hanyar. In ruwa ya zo ya tarar da tudu, unguwar ƙasa zai koma: gida shida, da rumbunansu, da irin shukar bana, da rijiyar da duk gari ke sha. Gidana ne na farko, kuma cikinsa akwai mahaifiyata wadda ba ta iya tashi sai an ɗaga ta.

Na biyu, kuma nan ne bakina ke nauyi. Ma'aikatanku ba su yi kuskure ba, turakun awo suka bi. Turakun ne ba daidai ba, kuma ni na kafa su.

Ga yadda aka yi. A ranin da ya gabaci mulkin kai, wani injiniya Banasare ya zo da mutanensa, suka yi kwana huɗu suna awo, suka kakkafa turaku masu jan fenti, suka hau mota suka tafi. Ba wanda ya tsaya ya ce wa maigari ga abin da ake nufi, ko a tsare su. To, itace busasshe, sassaƙaƙƙe, a ƙasar da mata ke yin rabin yini neman na girki! Kafin wata guda masu sharar gona sun tumɓuke na cikin gonakinsu, makiyaya sun ɗaure maruƙa da wasu, wasu sun shiga murhu. Sai labari ya zo daga kasuwa cewa duk garin da aka taɓa turken gwamnati jandarma za su kwashe magidantansa. Hankalin gari ya tashi. Maigari ya sa aka bi gida gida aka tattaro abin da ya saura, har da wani da wuta ta ci rabinsa, aka sassaƙa sababbi a madadin waɗanda suka ƙone. Daga nan kowa ya juyo ya dube ni.

Sun dube ni don shekara bakwai na yi a rundunar injiniyoyin soja, ƙetaren teku. Mun gina gadoji, mun share hanya cikin daji, mun haƙa ramukan tsaro, wata gadar ma da hannunmu muka fasa ta bayan mun gama ƙetarewa. Abin da ban taɓa faɗa wa mutanen garinmu ba shi ne aikina a ciki. Ni mai riƙe sanda ne. Ina tsayawa da doguwar sanda mai zane, hafsanmu injiniya yana can nesa yana leƙa madubinsa mai ƙafa uku, yana rubutu. Ko sau ɗaya ban sa ido a madubin nan ba. Amma shekaru ina zama gindin bishiya ina cewa mun gina, mun auna, har suka ɗauka da ni da injiniya duk ɗaya ne. Ranar nan da na ce ban iya ba, da an huta. Girman kai ya hana ni. Na ɗauki igiya, na jera turakun ɗoɗar, har mutane suna yaba mini.

Akwai turke guda mai zobe biyu na jan fenti. Hajo matar maƙeri, wadda ita ta cire shi, ta ce mini a gindin baushe ta same shi, cikin kwari. Na ce mata ta koma ga tukunyarta, wa zai kafa turke inda ruwa zai tafi da shi? Na kai shi kan jigawa inda ƙasa ke da ƙarfi. Sai bana, da na ga an sauke siminti da ƙarfe daidai kansa, na gane zobe biyun nan alamar kadarko ce. Wallahi tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba.

Na uku, kukana a kanku. Laifina na ɗauka, amma ga naku. Banasaren da ya yi awo ya tafi ƙasarsu, damina guda ta wuce a kan turakun, aka zo aka hau aiki ba a sake aunawa ba. Hafsan da na yi wa aiki, ko kwana ɗaya turke ya yi a waje sai ya sake duba shi da safe, alhali gadarsa ta sati guda ce, sojoji su wuce a manta da ita. Taku kuwa jikokinmu za su taka.

Na sami shugaban leburori a bakin aiki na nuna masa kwarin. Ya ce shi turke aka ce ya bi, ba tsohon soja ba. Ban ga laifinsa sosai ba, don lokacin ban faɗa masa gaskiyar ba, tsoro nake ji. Na tafi buro sau uku, a ƙafa, cikin wannan zafi. Zuwa na fari planto mai tsaron ƙofa ya ce injiniya yana rangadi. Na biyu akawu ya zaci aikin gadi nake nema, ya ce an cika. Na uku na zauna na kwashe komai na faɗa masa, da turakun da igiyar da Hajo. Ya rufe ƙofa, ya ba ni shawara in koma gida in kama bakina in ba kurkuku nake so ba. Na san tausayina ya ji. Amma ya ranka ya daɗe, in na kama bakina ruwan ba zai fasa zuwa ba.

An ce mini matashin injiniyan da aka ɗora kan wannan yanki ɗan ƙasa ne, ya yi karatu mai zurfi, kuma hanya uku yake kula da su shi kaɗai. Ban raina shi ba, ban kuma so a ce aikinsa na farko ne ya ci gari. Sau biyu na hangi motarsa ta wuce, ƙura kawai na samu.

Abin da nake roƙo:

A aiko injiniya da madubinsa ya sake auna daga gonar liman zuwa makabarta, don duk wannan tsakanin aikin igiyata ne. Yini ɗaya ya isa, kuma zan riƙe masa sanda, wannan kam na iya.

In ba za a iya ɗaga kadarkon kafin ruwa ba, a ba mu izini mu yanke tudun a gindin baushe. Muna da magidanta da fatanya, amma ba mai taɓa hanyar gwamnati ba takarda, mun riga mun ga abin da tsoro ya sa mu.

Kada a taɓa maigari, ko Hajo, ko makiyayan. Ba a gaya musu ba, ba su sani ba. Nan gaba kuma duk garin da za a kafa turke, a tara mutane a yi musu bayani da Hausa.

Allah Ya taya ku riƙo, Ya sa hanyar nan ta zama alheri ga ƙasa, Ya tsare ku daga irin kuskuren da na yi. In hukunci ne a kaina, ban gudu ba, ina gida. Ku turo jandarma, amma don Allah a sa injiniya cikin motar. Shekaranjiya hadari ya haɗu a gabas, iska ta watsa shi. Mahaifiyata ta ji ƙamshin ƙasa tana ta murna, ta ce in fito da iri.

Wassalam.

Isa Ɗan Tani,
Kwarin Baushe.